Wuƙar Dama a Hannun Bahago

A layin masu kifi, teburi na huɗu daga bakin famfo, akwai wani dattijo da kowa ke kira Lemo. Sunansa na yanka ya daɗe da ɓacewa a kasuwar, in ka neme shi da shi sai a tsaya ana kallon juna. Laƙabin ya samo asali ne daga lemon tsami guda biyu da yake saye kullum da safe, tun kafin ya sayi ko ruwan sha. Ba don kifi yake sayensu ba, don hannunsa ne. Idan an tashi kasuwa sai ya tsaya bakin famfo ya wanke hannu da sabulu har gwiwa, ya tsaga lemon ya goge tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, ya canja riga da wando da takalmi, sannan ya kama hanyar gida fes da shi kamar wanda ya taso daga ofis. Maƙwabtan teburinsa sun yi masa tsiya har sun gaji sun bari. Shekara ashirin da shida ke nan bai fasa ba ko rana ɗaya.

Shi ba ya sayar da kifi, gyara yake yi. Ka saya a can ka kawo masa nan, ya kankare ɓawo, ya fitar da ciki, ya raba tsoka da ƙashi, ya miƙo maka. Masu gidajen abinci suna bin layi a gabansa saboda abu ɗaya: in ya gama da kifi, ƙashin da ya rage ko mage ta gani sai ta yi tsaki. Wuƙar da yake wannan aiki da ita kuwa ba abin nunawa ba ce. A wajen wani mai sayar da bokitai ya saye ta, a kuɗin da bai kai na takalmin roba ba. Da can faɗin ruwanta ya kai yatsu huɗu, yanzu dutsen washi ya cinye ta saura biyu. Ƙotar ta tsage tun tuni, ya naɗe ta da robar tayar keke. In an ce ya canja sai ya ce da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma abin da duk kasuwa ta sani amma ba a damu da shi ba: da hagu Lemo yake riƙe wuƙa. An haife shi bahago, mahaifiyarsa kuwa ba ta ɗauki wannan da wasa ba. Da ɗankwali take ɗaure masa hannun a jikinsa lokacin cin abinci, tana cewa ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta kuwa tanƙwara shi. Da dama yake ci, da dama yake rubutu, da dama yake gaisawa da karɓa da bayarwa, har da tsefe gemu. Wuƙa ce kaɗai ta ƙi. Lokacin da ya fara koyon aiki wata guda ya yi yana ɓata kifin mutane da dama, har maigidansa na lokacin ya gaji, ya fizge wuƙar ya danƙa masa a ɗaya hannun, ya ce kifi bai san dama da hagu ba. Tun daga ranar hagun ya samu wurin da ba a tsawata masa.

A gida kuwa bai taɓa taɓa wuƙa ba. Matarsa, wadda har shi ma yake kira Mama, ta kafa doka tun suna sabon aure cewa gwanintarsa ta tsaya a kasuwa, kada ya shigo mata kicin yana gyara mata yankan albasa. Ya bi dokar, don ya san da wa yake zaune.

Shekara tara suka yi kafin Allah ya ba su haihuwa, 'ya mace, daga ita kuma ba a ƙara ba. Ya sa mata sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya iya kiranta sai da Uwata. Tana da shekara bakwai wata rana aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, Mama ba ta da lafiya, sai ya bar tebur da gudu ya je ɗauko ta a makaranta da kayan aikinsa a jiki. A bakin ƙofa wata yarinya ta toshe hanci ta ce, "Babanki ƙarni yake." Uwata ba ta tsaya dogon zance ba, ta ajiye jaka ta kama yarinyar da kokawa, ta tashi da fasasshen leɓe. A hanya tana ta ba shi labarin yadda ta kayar da ita, tana dariya da jini a baki. Shi bai yi dariya ba. Washegari ya sayi lemon tsami na farko, kuma ya yanke hukuncin da bai shawarci kowa a kai ba: 'yarsa ba za ta taka layin masu kifi ba, ba za kuma ta sake jin ƙarni a jikinsa ba. Ta yi kuka, ta yi roƙo, ta girma tana roƙo, ya ce karatunta ya fi. A ganinsa kare ta yake yi. Bai taɓa tambayar yadda abin yake a ganinta ba.

Ta yi karatun kuwa. Yanzu tana aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, da farar riga da katin shaida a wuya, tana da mijinta da gidanta. Duk ranar Asabar da yamma takan zo ta gaishe su. A wata Asabar ɗin ce, bayan ta dawo daga wani kwas da aka tura ta, ta shigo da ƙaramin akwati na katako a ƙarƙashin hammata, ta ajiye a cinyarsa.

"Baba, buɗe."

"Me kuma kika kwaso? Agogon bara ma ban gama godiyarsa ba."

"Kai dai buɗe."

Ya buɗe. A ciki, naɗe cikin takarda mai maiƙo, wuƙa ce irin wadda bai taɓa riƙewa ba. Ruwanta na sheƙi, da wani siririn zane a jikinsa kamar sawun ruwa a kan yashi. Ƙotar baƙin itace ce, an goge ta sumul. Ya ɗaga ta da dama, kamar yadda yake karɓar kowace kyauta, ya ji nauyinta ya zauna daidai. Sannan ya bi fuskar ruwan da babban yatsa, ya juya ya bi ɗaya fuskar, sai fuskarsa ta canja. Fuska ɗaya a shafe take kamar gilashi, ɗayar ce kaɗai aka zaftare zuwa kaifi. A jikin ƙotar ma akwai ɗan tudu da aka bari don yatsun dama su kwanta a kai. Maƙerin da ya ƙera ta gwani ne na gaske, kuma don na-dama ya ƙera ta.

Ya ɗaga ido suka haɗa da Mama, wadda ke bakin ƙofa da faranti a hannu. Ita ba ta san kan wuƙaƙe ba, amma ta san fuskar mijinta.

"Mai shagon ya ce duk cikin wuƙaƙen kifi babu kamarta," in ji Uwata, tana durƙushe a gabansa, idonta na ƙyalli. "Kwana uku ina zuwa ina kallonta kafin na saya. Na ce sama da shekara arba'in kana yi wa mutane aiki, ai ya kamata hannunka ya riƙe abu mai kyau."

"Uwata, wannan ai ta fi ƙarfina."

"Ba ta fi ba. Amma da sharaɗi, Baba. Kada ka ajiye ta kamar agogon nan. Aiki za ka yi da ita."

Nan ne ya kamata ya faɗa. Magana ce ta kalmomi uku, da an yi dariya an wuce. Amma ya dubi farin cikin da ke fuskarta, ya kuma gane cewa in ya ce shi bahago ne, to ya faɗa mata cewa shekara talatin da uku ba ta san hannun da ya ciyar da ita ba, kuma shi ne ya hana ta sani. Kunya da tausayi suka taru suka riƙe masa harshe. Ya ce Allah ya yi mata albarka, ya maimaita har sau uku.

Ranar Litinin ya tafi da ita kasuwa. Mai Ƙanƙara, matar da ke tebur na kusa tana sayar wa masu kifi ƙanƙara, ta leƙo tana goge hannu a zani.

"Kai, Baba Lemo! Wannan ai sai mutum ya yi kwalliya a jikinta. Kifin ma sai ya ji kunyar a yanka shi da ita."

Ya yi murmushi, ya jawo wani kifi, giwan ruwa madaidaici, ya sa wuƙar a hagu. Kaifinta ya ba shi tsoro, don ta shiga fata ba tare da ya danna ba. Amma da ta isa ƙashin baya, inda tsohuwarsa ke kwanciya ta bi hanya da kanta, sai wannan ta ƙi. Ya bi da ita nan, ta kauce can. In ya sassauta ta bar tsoka a jikin ƙashi, in ya matsa ta ci ƙashin. Ya ɓata gefe ɗaya, ya juya kifin ya ɓata ɗayan. Ya mayar da ita dama, inda ta zauna daram, amma damar ba ta san kifi ba, rabonta da shi tun yana saurayi. Kafin azahar ya sayi kifi biyu daga aljihunsa ya biya masu su, ya kuma yanki kan yatsa. Mai Ƙanƙara ta miƙo masa gutsuren ƙanƙara ba ta ce komai ba, wanda a wajenta ba ƙaramin haƙuri ba ne.

Ya goge wuƙar, ya shafa mata mai, ya mayar cikin takardarta. Da ya koma gida ya ɗora akwatin a saman kabad, bayan barguna.

Daga nan ƙarya ta fara. Uwata ta bugo waya ta tambaya, ya ce wuƙa tana ci kamar wuta. Asabar ta zo ta tambaya, ya ce tana kasuwa, a kulle cikin akwatin kayan aiki. Mama tana jin su tana tankaɗe, sai da 'yar ta tafi ta ce, "Kifi na ganinka, mai jar koma. Malam, ramin ƙarya ƙurarre ne, kai kuma ba ka iya haƙa ba."

"To me zan ce mata?"

"Gaskiya mana. Albashinta na wata biyu ta zuba a abin nan, mijinta ya faɗa mini."

Wannan bai sauƙaƙa masa ba, sai ma ya ƙara masa nauyi. Ya dubi yatsan da ya yanke. Can ya ce uwarsa ta fari ta ɗaure masa hagu, ta biyu kuma ta kawo masa wuƙar dama, da alama sun haɗa baki ne. Mama ta so ta ci gaba da faɗa, dariya ta ƙwace mata.

Cikin masu kawo masa kifi akwai wani tsohon likitan haƙori da ya yi ritaya, mai zuwa duk Alhamis da kifi ɗaya tak, don shi kaɗai yake zaune. An san shi da son wuƙaƙe, har ana cewa in ya ga mai kyau yakan manta da abin da ya fito saye. Lemo ya ba shi labari a taƙaice, Likita ya ce ya kawo masa wuƙar gida ya gani.

Gidan shiru, da ƙamshin man goge katako. A falo, inda wasu ke jera hotunan jikoki, shi kabad ɗin gilashi ne tun daga ƙasa har kusa da rufi, da fitila a ciki. Wuƙaƙe ne kwance a kan jan ƙyalle, kowace da 'yar takarda a gefenta. Likita ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana faɗin wanda ya ƙera, da irin ƙarfen, da shekarun da ya yi yana nema. Lemo ya yi ta gyaɗa kai, amma abin da ke cinsa sai da ya fito.

"Likita, wace ce a ciki ta fi cin kifi?"

"Ban sani ba. Ban taɓa yanka ko albasa da su ba."

"Duk waɗannan?"

"Duk. Ranar da ta taɓa dutsen washi rabin darajarta ya tafi."

Lemo ya dubi kabad ɗin kamar wanda aka nuna wa garken shanu aka ce ba a tatsa. A ransa ya ce kuɗi dai ba su san inda za su ba. Amma da Likita ya karɓi akwatin zai buɗe, sai ya ga hannun tsohon yana rawa, har sai da ya dafa shi da ɗaya hannun kafin murfin ya ɗagu. Likita ya lura an gani.

"Wannan ne ya kore ni daga aiki," in ji shi. "Shekara talatin ina riƙe da ƙarfe mai kyau a bakin mutane, ban taɓa kuskure ba. Yanzu ko allura ba na iya zura wa zare. To in na zauna nan da yamma ina kallon aikin hannun da bai rawa, sai in ji sanyi a raina. Mutane na cewa asara nake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

Lemo ya ji kunyar abin da ya raya a ransa, ya sunkuyar da kai.

Likita ya daɗe yana duba wuƙar a gaban taga. Ya ce kuɗinta ba su tafi a banza ba, ta cancanta har da ƙari. Lemo ya tambaya ko za a iya wasa ta ta koma ta hagu. Likita ya kusa sakin ta don firgita. Ya ce ƙarfe biyu aka haɗa, mai tauri a fuska ɗaya, mai taushi a ɗayar, in aka juya washin sai a cinye mai taurin a bar abin da ko burodi ba zai yanka ba.

"Amma ga shawara," in ji Likita. "Ka bar mini ita, in sa a kawo maka ta hagu irinta, ni zan cika abin da ya ƙaru. 'Yarka ba za ta bambance ba. Kai ka samu ta aiki, ni na samu ta kallo."

Shawara ce mai kyau, babu wanda zai cutu. Lemo ya kusa amsawa. Sai ya tuna da kwana ukun da Uwata ta yi tana zuwa shago tana kallon wannan ɗin, ba wata irinta ba, ya kuma ga cewa zai ɗora sabuwar ƙarya a kan tsohuwa ne, wadda zai riƙe a hannu kullum har ƙarshen aikinsa. Ya yi godiya, ya rufe akwatin, ya koma da shi saman kabad.

Asirin bai kai wata biyu ba. Wata Asabar Mama ta ce sanyi ya fara, Uwata ta taka kujera ta sauko mata da barguna. Ko da gangan Mama ta yi, ko mantuwa ce, har yau ba ta amsa ba. Lemo yana tsakar gida yana sauraron rediyo sai ya ga 'yarsa tsaye a gabansa da akwatin a buɗe. Takardar mai maiƙo tana nan da ninkinta, kaifin bai taɓa ganin dutse ba.

"Tana ci kamar wuta, ko Baba?"

"Uwata, zauna in..."

"A'a, bari in faɗa, yau ɗaya." Ba ta ɗaga murya ba. "Tun ina 'yar shekara bakwai ka rufe mini ƙofar wajen aikinka. 'Ya'yan mutane suna kai wa iyayensu abinci, ni ko teburinka ban san kalarsa ba. Na ce to, tunda ni ba zan shiga ba, bari in aika abin da zai shiga a madadina, ya zauna a hannunka. Ashe ita ma a bakin ƙofa ka tsayar da ita. Ni ban taɓa jin kunyar aikinka ba, Baba. Kai ne kake jin kunyar in gan ka."

Ta ajiye akwatin a kan tabarma a hankali, ta gaishe da Mama, ta fita. Rediyo na ta surutunsa har Mama ta zo ta kashe, ta zauna kusa da shi. Ya zaci faɗa za ta yi, sai ta yi magana a hankali, wanda ya fi faɗan zafi.

"Shekara ashirin da shida kana wanke hannu, Malam. Ka yi ta wankewa har ka kusa wanke 'yarka."

Kwana huɗu yana juya maganar. Ranar Laraba da rana, tsakanin kifi da kifi, ya goge hannu ya bugo mata waya. Ta daɗe kafin ta ɗauka.

"Uwata, gobe kina da aikin safe?"

"Sai da rana zan shiga."

"To ki zo kasuwa. Layin masu kifi, teburi na huɗu daga famfo. Ki sa takalmin da ba kya so."

Ta ce to.

Ta zo da hantsi, tana ɗaga ƙafa tana tsallake ruwan da ke bin ƙasa, tana kallon komai kamar baƙuwa. Mai Ƙanƙara ta gan ta ta tafa hannu. "Lallai yau za a yi ruwa! Wannan ce Uwata? Shekara ashirin muna jin labarinki, har mun zaci ƙirƙiro ki ya yi." Ta jawo mata kujera, Uwata ta ƙi zama. Ta tsaya tana kallon mahaifinta cikin rigar leda da takalmin ruwa, da ɓawon kifi manne a gemunsa. Ba ta taɓa ganinsa haka ba tun ranar ruwan nan, shi kuma ji yake kamar an tuɓe shi a tsakiyar kasuwa.

Ya jawo kifi ya kwantar a kan katako, ya miƙa hannu ya ɗauki tsohuwar wuƙarsa mai robar keke. Ya tsaga bayan kai, ya bi ƙashin baya da jan hannu ɗaya, tsoka ta ɗago kamar an buɗe littafi. Ya juya, ya maimaita. Uwata tana kallon kifin da farko, don aikin abin kallo ne. Sai idonta ya hau kan wuƙar, daga wuƙar ya hau kan hannun. Ta dubi nata hannuwan, ta sake duban nasa.

"Baba... da hagu kake yi?"

"Da shi na biya kuɗin makarantarki."

Ya buɗe akwatin da ya taho da shi daga gida, ya ciro sabuwar wuƙar, ya nuna mata fuskar da ke shafe da wadda aka zaftare, da tudun da ke jikin ƙota. Ya sa wuƙar a hagu ya nuna mata yadda take kaucewa. Ya nuna mata tabon da ke kan yatsansa. Ta rufe baki da hannu, dariya da kuka suka zo mata tare, ta rasa wanda za ta fara.

"Mai shagon ya tambaye ni," in ji ta. "Wallahi ya tambaya, dama ko hagu. Na ce dama, ko tunani ban yi ba. Wace irin 'ya ce ba ta san hannun ubanta ba?"

"Wadda ubanta ya ɓoye mata. Laifin ba naki ba ne, Uwata. Nawa ne, ki yafe mini."

Ta goge ido da bayan hannu ta ce za ta mayar a canjo ta hagu. Ya girgiza kai. Ya ciro wata rigar leda daga ƙarƙashin tebur ya miƙa mata, ya ce ta zagaya ta tsaya can gefen, suna fuskantar juna. Sannan ya ɗauki sabuwar wuƙar ya sa mata a dama, ya gyara mata yatsu a kan tudun ƙotar. Ta zauna a hannunta kamar da ita aka auna.

"Duk wanda na koya wa aiki sai ya sha wuya, don in muka tsaya gefe da gefe komai nawa a juye yake," in ji shi. "Amma in kina gabana, haguna yana saitin damarki. Ki ɗauka madubi kike kallo. Abin da hannun nan ya yi, naki ya yi."

Ya ajiye kifi a gabanta, ya ajiye a gabansa. Na farko ta yi masa kaca-kaca, har Mai Ƙanƙara ta ce a kai shi asibitinsu a ɗinke. Na biyu ta danna da ƙarfi, ya ce ta sassauta, wuƙa mai kyau ba a tura ta, bin ta ake yi. A na uku ne shafaffiyar fuskar ta kwanta a kan ƙashi, ta zarce daga kai har wutsiya da wani siririn sauti, tsoka ta ɗago gaba ɗaya. Uwata ta tsaya da wuƙa a sama, baki buɗe.

"Baba, ka ji? Ka ji yadda ta bi?"

"Na ji. Kuɗinki ba su faɗi ba."

Alhamis ce, don haka Likita ya iso da kifinsa ɗaya. Ya ga wuƙar da ya so ya sa a gilashi tana jiƙe da jini da ɓawo a hannun mai koyo, ya dafe ƙirji kamar an soke shi. Amma bai tafi ba. Ya miƙa wa Uwata kifinsa ya ce ita za ta gyara, yana so ya ga yadda take ci. Ya tsaya yana kallo har ta gama, hannunsa na rawa a kan sandarsa, fuskarsa cike da murna. Da zai tafi ya ce a riƙa goge ta da mai, don Allah.

Rana ta yi, lokacin aikinta ya matso. Suka je bakin famfo tare. Ta wanke wuƙar ta share, ta ce a bar ta nan cikin akwatin kayan aikinsa, kusa da tsohuwar, don duk Asabar da safe za ta zo. Ya wanke hannu da sabulu kamar kullum, ya ciro lemon tsami daga aljihu, ya tsaga biyu, ya miƙa mata rabi.

Ta karɓa, ta juya shi a hannu. Ta karɓe nasa rabin ma, ta ajiye su duka a kan bakin famfon. Sannan ta kamo hannunsa na hagu da hannayenta biyu, da tabonsa da kantarsa da ƙarnin da sabulu bai fitar ba, ta ɗora shi a kumatunta.

"Bar shi haka, Baba," in ji ta. "Tun ina shekara bakwai nake neman wannan ƙamshin."